Takalmin Inna Lamduan

Duk birnin Bangkok babu wanda ya san ruwa kamar Inna Lamduan. Shekara ashirin da bakwai tana aiki a kansa, kuma ko ɗan yatsan ƙafarta bai taɓa shiga ciki ba. Iyo ma ba ta iya ba. Duk wanda ya taɓa shaƙar warin magudanar Saen Saep ba zai tambayi dalili ba.

Kwandasta ce a jirgin ruwa na fasinja. Ciki na masu zama ne, ita wurinta ɗan katakon da ya zagaye jirgin ta waje. Hannu ɗaya a igiya, ɗaya riƙe da tikiti, hular kwano a ka saboda gadoji. In an zo gajeriyar gada sai direba ya sauke rufi, ita kuma ta durƙusa tana miƙa canji. Shekara tara ina bin jirginta zuwa ofis, ban taɓa ganin ta kalli gadar ba.

Ba ta da gidan kanta, ba ta da babur. Abin da ta mallaka shi ne waɗannan shekarun na busasshiyar ƙafa, kuma akwai mai jiran ta rasa su. Direbanta Chaloem sau uku yana faɗawa ruwan lokacin da yake kwandasta.

"Yaya, ko yau ce ranar?" Gaisuwarsa ke nan kowace safiya.

"Duba gabanka dai, sarkin wanka."

Baƙi 'yan jakar goyo suna son jirginmu, don ya fi tasi araha kuma ba ruwansa da cunkoso. Sai dai jirgin ba ya tsayawa, goga jikinsa kawai yake a tasha ya wuce. Dokar Inna a kansu ɗaya ce, da hannu take faɗarta: sauke jaka, jefa ta, ka bi ta.

Wata Talata da safe a tashar Pratunam wani dogon Bature ya taho da gudu, wando mai zanen giwaye, jaka ta fi shi tsawo, har da tukunya a rataye. Bai ga hannun Inna ba. Ya yi tsalle ya dira a kan katakon, ya kama igiya. Da a nan ya tsaya, da babu labari. Amma wani ya koya masa ladabi. Da ya ga dattijuwa a gabansa, sai ya saki igiyar, ya haɗa tafin hannunsa biyu ya sunkuya mata, kamar yadda muke yi wa manya.

Gaisuwar ta yi kyau, ba ta da makusa. Jakar ce ta ja shi baya.

Inna ta saki tikitinta ta cafki maɗaurin jakar da ke ƙirjinsa. Tsayinta bai kai kafaɗarsa ba, amma ta finciko shi ta cusa shi ƙarƙashin tamfol ɗin jirgin, ya zube a cinyar wata mai sayar da furanni. A wannan fincikar ce ƙafarta ta hagu ta zame.

"Na gani!" Chaloem ya yi ihu, har ya saki sitiyari. "Jama'a ku shaida, ta shiga!"

"Takalmi ne ya shiga, ba ni ba."

"To ƙafar wa ke cikin takalmin, Yaya?"

"Kama sitiyarinka, ga gada nan."

Ya nemi shaida, bai samu ba. Mai furanni ta ce ita Bature kawai ta gani, kuma ya ishe ta kallo. Ni na ga wandonta a jiƙe har ƙwauri, amma da aka tambaye ni sai ya zama lokacin wayata nake dubawa. Inna ta cire takalmin ta ɗaure a leda, ta ƙarasa aikin ranar da ƙafa ɗaya a tsirara. Chaloem bai sake yi mata gaisuwar nan ba. Yanzu ƙafarta kawai yake kallo ya yi murmushi, ta ce gara gaisuwar.

Baturen kuwa, da numfashinsa ya dawo, ya sake haɗa hannu, wannan karon a zaune. Ya ciro taswira ya nuna mata tsohon gari, inda masaukai masu araha suke. Inna ta duba, ta karɓi kuɗin tasha ɗaya, ta sauke shi a ta gaba. Tsohon gari yana yamma, jirginmu gabas ya nufa.