Tarin Maigidana a Cikin Ƙarfe

Shekarun baya, ina cikin takabar maigidana a gidanmu na Dutse Uku, aka dawo da wuta da ƙarfi, kwamfutar ɗana ta ƙone. Ban iya rubutu ba, jikata ce ke rubuta mini wannan.

Marigayin bai yarda da hoto ba. In ya ga kyamara sai ya juya ƙeya. Abin da ya rage mana kawai bidiyon da ɗana ya ɗauka a wata babbar salla, shi ma yana cikin kwamfutar nan.

Da na fita takaba, ɗana ya ciro wani ƙarfe kamar sabulun wanki daga cikinta, ya ce a nan ne kwamfutar ke ajiye komai. Na naɗe shi a mayafina, muka tafi wajen wani mai gyara a Anguwan Rukuba.

Ya ce, "Mama, ki bar shi, ku dawo jibi."

Na ce, "Ɗan nan, inda ƙarfen nan ya kwana, nan zan kwana."

Ya yi dariya, ya ba ni kujerarsa. Ya ɗauko wata waya mai baki biyu, wai ita adafta, baki ɗaya a ƙarfen, ɗaya a kwamfutarsa. Ta farko ta ƙi shiga, don namu tsohon yayi ne, haƙoransa sun yi yawa. Ya aro wata a maƙwabta, ya jona wa ƙarfen wutarsa daban. Shiru. Ni kuwa har tofi na yi wa ƙarfen, kamar jariri mai zazzaɓi. Can sai ya fara rawa a ƙarƙashin tafina.

Bidiyon ya fito. Rago ne da jikoki. Maigidan kuwa hannunsa kawai ake gani, riƙe da igiya. Sai na ji ya yi tari, irin wanda yake yi kafin ya yi faɗa, ya ce, "Kai, ɗauki yaran mana, ni me za a kalla?"

Na yi kuka a shagon mutane. Ɗana ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, fuskar Baba ba ta fito ba."

Na ce a maimaita mini tarin.

Fuskarsa ban manta ba, ko yanzu in na rufe ido ga ta nan. Muryar ce ta fara ɓace mini tun ina takaba, kuma ban gaya wa kowa ba, kunya nake ji. Har yau in kewa ta taso, jikata kan kunna mini. Allah ya jiƙanka, Malam. Ka yi ta faɗanka, ina ji.