Katin Naɗin Baffa

Shekara ashirin da fuɗu Baffana ya yi yana na'ibi a masallacin Juma'ar ƙauyenmu, can bayan Kebbe. Da tsohon liman ya rasu, hakimi ya sa ranar naɗa masa rawani. Akwai wani gidan malamai da su ma suke haɗiyar miyau kan limancin, sai dai ba su da abin kamawa. Ni na ba su.

Lokacin ina koyar da Turanci a Tambuwal, kaina ya fi ƙarfin hulata. Na kafe sai an buga katin gayyata da Turanci, don ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ya san ba da ƙauyawa yake yi ba. Ciyaman ɗin da ko labarai da Hausa yake ji! Na buɗe ƙamus ina neman yadda Bature ke cewa an naɗa shugaban addini, na ci karo da "odineshan". Ga tsawo ga cika baki. Bayanin da ke ƙarƙashinta ban karanta ba, ina ni ina wannan wahala.

Wata nas Kirista a asibiti ta ga katin a hannun majinyaci, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ai a coci ake yi, bishop ya ɗora wa mutum hannu a ka ya zama fada, a ɗarikarsu ma daga ranar ba shi ba aure. Baffa mai mata uku! Majinyacin kuwa ɗan wancan gidan malaman ne. Kafin Juma'a magana ta kai kasuwar Fakku, wai za a mai da na'ibi fasto, ga shi a rubuce. Hakimi ya ce a dakata tukuna.

Na hau babur na je ba Baffa haƙuri, kunya kamar in nutse. Ya ce, "Kai ɗan boko, mi kalmar nan taka ka nufi?" Na faɗa masa, har da cewa su Kirista in an naɗa mutum ya naɗu ke nan.

Ya ce, "To su sun huta. Mu nan, ran da jama'a suka ƙi bin ka, kana sallamewa ka ga tabarmi."

Rawani ya tafi wancan gidan. Baffa ya ci gaba da na'ibci har ya rasu, bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi cina ke nan. Da muke kwashe littattafansa na ga katin a gafaka, a linke. Bai iya boko ba, amma ran da na je ba shi haƙuri ya sa na nuna masa kalma ɗaya a katin da ban fassara ba: Liman, gaban sunansa.