Sai da Na Rage Jiki Kafin Likita Ya Taɓa Ni

A farkon shekarun tamanin, lokacin da masaƙun Kakuri ke cike da ma'aikata, ni ce mai tuwo a bakin ƙofar ɗaya daga cikinsu. Mijina yana ciki yana aikin injin saƙa, ni ina waje da tukwanena. Ina da ƙiba ta gaske, har ma'aikata kan tsokane ni cewa duk wanda ya gan ni ya san abincina ba ƙarya. Daɗi nake ji, domin a wajenmu in mace ta yi jiki, mijinta ake yaba wa.

Bayan haihuwata ta ƙarshe cibiyata ta fara kumbura. In na ɗaga tukunya sai in ji kamar cikina zai zazzago. Na daɗe ina ɗaure wurin da tsohon zane kafin mijina ya matsa mini muka je asibiti. Likita ya ce hanji ne ke leƙowa ta wurin cibiyar, kuma sai an yi tiyata. Da aka gwada ni kuma, sai ga hawan jini, ga ciwon sukari. Bai ɓoye mini ba: in aka yi mini aiki a haka, da wuya in farka daga allurar barci, ko na farka ɗinkin ba zai riƙe ba. Ya ce in je in rage jiki tukuna, in riƙa shan magani, in bar gishiri da mai da lemon kwalba.

Ku duba, mai sayar da abinci aka ce ta kame bakinta! Duk da haka na fara. Da zanena ya soma yi mini yawa, sai surutu ya tashi. Wasu suka ce tarin fuka ne, wasu suka ce jifa aka yi mini. Masu cin tuwona suka riƙa wuce ni zuwa rumfar gaba, suna gaishe ni daga nesa. Nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta: na koma ci kamar da, don kawai a daina kallona. Ba a jima ba ciwon ya kayar da ni a gaban murhu, ina amai, kumburin ya yi tauri kamar dutse. Allah ya sa likita ya iya mayar da hanjin da hannu. Ya dube ni ya ce, "Mama, nan gaba in ya maƙale, dole in yanka ki ko kin shirya ko ba ki shirya ba."

Shugabar zumuntar matan majami'armu ce ta ɗauki abin a kanta. Ranar Lahadi, da izinina, ta miƙe a majami'a ta bayyana ciwona, ta ce mai ƙaunata ya daina tambayar dalilin ramata, ya taya ni. Daga nan mata suka riƙa karɓa-karɓa suna raka ni tafiya da ƙafa kowace safiya, muna waƙa. Mijina, mai son sakwara da miya mai manja, ya koma cin faten acca da ganye tare da ni, yana ɓata fuska yana cinyewa. Ƙanwata ta karɓi ɗaga tukwane da ɗanɗana miya. Akwai ranar da na yi kuka saboda ƙamshin soyayyen nama, ba zan yi ƙarya ba.

Damina ta wuce, rani ya shigo, sannan likita ya duba ni ya yi murmushi, ya sa ranar aiki. Da na buɗe ido bayan tiyatar, na ga mijina tsaye yana share hawaye da hularsa. Ɗinki ya kama lafiya lau. Ranar godiya na yi rawa tun daga ƙofar majami'a har gaban bagadi ba tare da na yi haki ba, ni da a da hawa bas ke gagara.

'Yan'uwa, na rubuto ne domin mai irin halina. In likita ya ce ki jira ki gyara jikinki, ba korar ki ya yi ba, ranki yake tattali. Kada ki ɓoye ciwonki, ɓoyon ne ke ba mutane abin faɗi. Masu surutun nan kuwa, babu ko ɗayansu da zai hau gadon tiyata a madadinki.