Ƙotar Bahago

Bindigar gidanmu ba ta tashi ba ko sau ɗaya tun da aka haife ni. Ta soja ce, irin mai dogon hancin nan, kakanmu ya dawo da ita, Baba ya gada. Da ƙuruciyarsa ya yi farauta da ita a dajin Falgore. Da harsashi ya yi wuya, hukuma kuma ta fara sa ido, shi da kansa ya kai ta wurin wani maƙeri a Riruwai aka narka dalma aka ɗura mata a baki. Tun daga nan ta zama abin rataya. Ranar taron maharba bayan kaka sai ya goge ta da man gyaɗa ya saɓa, ya fita yana taku ɗai-ɗai, gajeren mutum da doguwar bindiga, mu kuma muna ƙunshe dariya a bayansa.

Shekarar da ɓarayi suka kore wa wani Bafulatani maƙwabcinmu shanu, sai shugaban 'yan sintirin garinmu ya rasa wanda zai nuna wa jama'a a matsayin mai laifi. Mutumin nan taki yake sayarwa, rumfarsa na jikin masallacin kasuwa, kuma ba zan ɓata bakina da sunansa ba. Ina garejina a Tudun Wada ina gyaran babura lokacin da abin ya faru, Inna ce ta ba ni labari tana kuka. Bayan la'asar ya zo da mutanensa, suka fito da Baba ƙofar gida daga shi sai singileti, ko hula ba su bari ya ɗauka ba. Ya ce a kawo bindigar da ake ara wa ɓarayi. Da aka kawo, ya kama ta ta wajen hanci ya maka gindinta a kan dutsen da ke bakin zaure, ya sake makawa, har ƙotar ta tsage gida uku. Sai a sannan ɗaya daga cikinsu ya leƙa bakinta ya ga dalma. Wai sai shugaban ya fashe da dariya ya ce, “Ashe ma sanda ce tsoho yake tsorata mutane da ita.” Ya wurga ta cikin kwata suka tafi.

Daga baya an gano shanun can wata nahiya, a hannun waɗanda ko sunan garinmu ba su sani ba. Babu wanda ya zo ya ce wa Baba yi haƙuri.

Shi kuwa Baba tun ranar bai ƙara ƙetare zaure ba. Mutumin da ladan ba ya riga shi zuwa masallaci ya koma yin salla a ɗaki, har ta Juma'a. In abokansa sun yi sallama sai ya ce a ce yana barci. Damina ta zo ta wuce bai ga gonarsa ba. Ina zuwa duk mako ina kallonsa yana ƙanƙancewa a kan buzu, kuma wallahi duk lokacin da na fito daga ɗakin nan ji nake kamar in cinna wa rumfar takin wuta.

Na ɗauko bindigar daga inda Inna ta ɓoye ta bayan ta tsamo ta daga kwata, na tattara ɓaraguzan ƙotar a buhu. Ba zan yi ƙarya ba, niyyata ba mai kyau ba ce. Ƙarfe sana'ata ce, na san in na zauna da abin huji dalmar nan ba za ta gagare ni ba. Ko ban kai ga haka ba, ina so in ɗora ta a kafaɗata ranar kasuwa, in tsaya a gaban mai takin nan in ga ya jiƙa wandonsa. Amma bindiga ba ƙota ai bututu ce kawai, itace kuma ban san kansa ba.

Na sha yawo. A Kano wani mai tsofaffin ƙarafa ya kalle ni sama da ƙasa ya ce shi bai san zancen ba, in yi gaba. Wani ya kawo min ƙotar bindigar toka, wai in ɗaure da waya. Wani kafinta a Yako ya buga ƙirji ya ce kwana biyu ya ishe shi, ya yi min wata da katakon gado, ya sha mata fenti tana ta ƙyalli. Ina ɗaura mata noti ta dare tun daga sama har ƙasa. Kai, ranar na zazzage masa tas, na ce ya koma yin bencin makaranta, nan ne iyakarsa.

Bafulatanin da aka sace wa shanu shi ya cece ni. Kunyar abin da aka yi da sunansa ta hana shi sakat, kullum sai ya aiko wa Baba da nono. Shi ya ce min akwai wani tsohon masassaƙi a wani ƙauye bayan Bebeji, wanda maharban da can suke kai wa aiki.

Na same shi a gindin ɗorawa yana fafe turmi. Na durƙusa na gaishe shi, muka gaisa har muka gaji, sannan na zazzage buhun a gabansa. Bai kalli ƙarfen ba sam. Ɓaraguzan ya ɗauka ya haɗa su a cinyarsa, yana shafa su da babban yatsa, ya daɗe a wani ɗan kwarmi da ke gefe ɗaya.

Ya ce, “Wannan ba faɗuwa ta yi ba.”

Na ce, “Fasa ta aka yi, Baba.” Na kwashe labarin duka na gaya masa, har da abin da ban yi niyyar faɗa ba, don bakina in ya buɗe a kan mutumin nan ba ya rufuwa.

Ya ce, “To. Mai ita yana da rai?”

Na ce yana nan, amma ni zan riƙe ta yanzu. Na miƙe tsaye na miƙa hannuna don ya auna, saboda an gaya min da tsawon hannun mutum ake yanka ƙota. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce in zauna, ya gani. Ya shiga ɗaki ya fito da wani guntun maɗaci da ya ce ya shekara yana bushewa a rufin ɗakinsa, ya ƙwanƙwasa min na ji yana amsawa. Ya ce in dawo bayan kasuwa uku.

Makonnin nan uku na yi su ne ina tsara yadda zan tsaya, da abin da zan faɗa. Har abin hujin na saya na ajiye a aljihun tebur.

Da na koma, na tarar ya gama har ya ɗaura. Ja wur, santsi kamar tafin jariri, babu fenti, man kaɗe kawai ya sha. Na ɗauka da rawar jiki na kai kafaɗar dama. Ta ƙi zama. Ta yi min gajarta, gwiwar hannuna ta lanƙwashe, kuncina ya sauka a kan tudu, idona kuma ya kauce wa saiti gaba ɗaya. Na juya ta sai ga kwarmin nan a ɗaya gefen, daidai inda yake a tsohuwar.

Raina ya ɓaci. Na ce, “Haba Baba! Wannan ai ta bahago ce.”

Ya ce, “Ta bahago ka kawo min. Gajere kuma.” Ya ci gaba da fafe turminsa. “Ni abin da na gani a itace nake sassaƙawa, ɗan nan. In taka kake so, je ka nemo taka bindigar.”

Na hau babur ina huci tun daga Bebeji har gida. Sai a hanya na tuna da hagu Baba yake riƙe lauje, da hagu yake jifa, cin abinci ne kawai aka tilasta masa da dama tun yana yaro. Ashe shi ya rage tsawon ƙotar da hannunsa, kwarmin nan kuma kuncinsa ne ya cinye shi.

Ranar kasuwar garinmu ce, wajen azahar. Na shiga ɗakin Baba na ajiye ta a gabansa, haushi bai sake ni ba. Ya daɗe yana kallonta. Ya sa yatsa a kwarmin. Sannan ya ɗaga ta ya kai kafaɗar hagu, ta zauna ɗas. Ya sauke, ya sake ɗorawa.

Ya ce, “Miƙo min hulata.”

Na bi shi a baya. Ya ƙetare dutsen bakin zauren bai ko kalle shi ba, ya miƙe hanyar kasuwa da takun nan nasa. Mutane suna ta darewa, masu gaisuwa na gaisuwa, har muka isa rumfar taki. Mutumin yana zaune yana auna wa wani, da ya ɗago ya gan mu sai kwanon ya suɓuce masa.

Baba ya ce, “Shugaba, barka da kasuwa. Ya iyali? Ya aikin tsaro?” Ya gaishe shi tsaf, bai rage komai ba. Sannan ya miƙa masa bindigar da hannu biyu ya ce, “Riƙe min sandar nan, ɗana, in yi alwala.”

Dattijo ya miƙo maka abu a gaban kasuwa guda, me za ka yi? Kafin ya yi tunani hannayensa sun karɓa. Ban taɓa ganin alwala mai tsawon ta ranar ba. Baba ya ƙarar da buta ɗaya ya nemi ta biyu. Ya shiga masallaci ya yi nafila, aka tayar da salla, aka idar, ya zauna lazimi. Shi kuwa gogan yana tsaye a rana, gumi na bin wuyansa, ya kasa jingine ta a ƙasa, ya kasa miƙa wa wani, don duk wanda ya matsa kusa da shi sai ya ja baya. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, “A'a, Shugaba, yau kai ne mai riƙe wa tsoho sanda?” Kasuwa ta ɗauki dariya. Ni na fi kowa, har da riƙe ciki, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Da Baba ya fito ya karɓi abarsa, ya duba ƙotar gaba da baya, ya goge inda hannun mutumin ya taɓa da bakin rigarsa. Ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Ya saɓa ta a hagu ya wuce majalisar abokansa, suka matsa masa wuri.

Baba ya ce shi ya yafe. Ni ban yafe ba. Abin hujin dai na ƙarar da shi a kan babura, amma har yau in na zo wucewa ta gaban rumfar takin sai na rage gudu, in gaishe shi da ladabi, in tambaye shi ko hannun ya daina ciwo.