Fentin Kamfani

Motar mahaifinmu koriya ce, kore mai duhu irin na ganyen mangwaro, kuma ta girme ni. A layinmu na Fagge babu wanda bai san ta ba. Ba tsada ce ta sa aka san ta ba, don tun ina yaro ta zama tsohon yayi. An san ta ne saboda ba a taɓa yi mata fenti ba. Wanda ta fito da shi daga kamfani shi ne a jikinta, kuma Baba ya fi alfahari da wannan a kan shagonsa na atamfa da ke Kwari. Idan baƙo ya yaba motar, to ya jawo wa kansa, sai ya sha labarin fenti har shayinsa ya huce.

Ranar Lahadi Baba ba ya fita kasuwa, ranar wankin mota ce. Da sassafe ake yi, a ƙarƙashin rumfar kwanon da ya kafa mata a ƙofar gida, kafin rana ta ɗaga. Dokokinsa sun fi na makarantar kwana yawa. Ba a wanke ta a rana. Garin sabulun wanki ba ya taɓa jikinta, don a cewarsa cinye fenti yake yi. Daga sama ake farawa a gangaro, tayoyi su ne na ƙarshe kuma da nasu bokitin daban. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar, ko da yashin da ya ɗauka bai kai a gani ba. Tsofaffin singiletinsa ne tsummokaran, Inna ce take wanke su ta adana a wata jaka.

In ta bushe sai a buɗe gwangwanin. Man goge mota ne mai kauri, rawaya, Baba yana ce masa kaki. A lakato kaɗan, a riƙa shafawa a zagaye a zagaye, gefe ɗaya a gama kafin a koma wani. Sai a bar shi ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Baba zai ja yatsa a kai, in wurin ya fito tas to lokacin gogewa ya yi. Nan ne kafaɗa take gaya wa mutum gaskiya. Bayan an gama sai ya ɗauko buta ya tsiyaya ruwa a kan bonet. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara bai bar jiƙa ba, sai ya gyaɗa kai ya ce a kawo koko. In ya shimfiɗe, ranar babu mai karyawa da wuri.

Mu biyu ne 'ya'ya maza a gidan, ni da yayana. Yaya bai taɓa son aikin nan ba. Da ya ji ƙarar bokiti ciwon ciki zai kama shi, in kuma aka duba can anjima sai a tsince shi a filin ƙwallo. Yakan ce ƙarfe ne fa, ba amarya ba. Ni kuwa aikin ya shiga jikina. Ban sani ba ko motar nake so ko gyaɗa kan nan na Baba, don shi mutum ne da yabo yake yi masa nauyi a baki.

Mun girma, Yaya ya yi aure ya koma wata unguwa, ni na ci gaba da zama a gida ina tsare shago. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Ɓangaren damansa ya daina aiki, maganarsa ta koma sai ka matso ka kasa kunne. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce tuƙi kam ya ƙare. Motar ta zauna a rumfarta, sai dai in tayar da ita lokaci-lokaci don kada batir ya mutu.

Wankin Lahadi ban bari ya tsaya ba. Nakan turo Baba a kekensa zuwa bakin soro, in gyara masa zama inda zai ga komai, sannan in fara. Da hannun hagu yake nuna mini inda na tsallake, kuma wallahi bai taɓa nuna wurin da babu laifi ba. Butar ma shi yake riƙewa, in tallafe masa hannu mu tsiyaya tare. Duk mako ranar kaɗai yake cin abinci ba tare da Inna ta yi ta lallashi ba. Kuma duk Lahadi sai ya faɗi magana ɗaya, da ƙyar, yana kallon motar: in ya samu sauƙi, a cikinta zai je Juma'a. Mukan ce in sha Allahu. Abin da ya rage masa yake jira a duniya ke nan, kuma kowa a gidan ya san haka, har da Yaya.

Wata Laraba Yaya ya zo shago ya same ni, fuskarsa a sake. Ya zauna a kan dilar atamfa ya ce, "Na yi magana da likita. Ya ce babu laifi a fara fita da Baba ya sha iska. Jibi mu kai shi masallaci a motarsa, ni zan tuƙa."

Na ce, "Yaya, da gaske?"

Ya ce, "Da wasa zan taso tun daga gida? Amma ka san halinsa. Ka goge ta irin gugar da yake so, kada ya ga ko ɗigo."

Na ji kunyar duk zagin da na taɓa yi masa a zuciyata. Da yamma shi da kansa ya durƙusa a gaban Baba ya gaya masa. Baba ya kalle shi, ya kalle ni, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, muna jin ta tana buɗe akwatin manyan riguna.

Kakin ya kusa ƙarewa, don haka washegari da safe na hau adaidaita zuwa Sabon Gari. A wajen mutum ɗaya Baba yake sayensa tun ban san kaina ba, wani dattijo mai shagon kayan gyaran mota. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, shi a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Muna yara Baban Sabon Gari muke ce masa, har yau ban sauya ba. Da na gaya masa dalilin zuwana sai ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah, ya hau kujera ya sauko da gwangwani daga can saman kanta.

"Ɗan Alhaji, mayar da hannunka aljihu," in ji shi. "Wannan gudummawata ce. Ka ce masa in ya fito daga masallaci ya biyo ta nan in gan shi, ko daga cikin mota ne."

Ranar ban koma shago ba. Na jira rana ta sauka daga kan rumfa, na yi mata wankin da ban taɓa yi mata ba. Har da tsohon buroshin haƙori na bi lungunan fitilu da hannun ƙofofi. Na shafa kaki na goge, na ga bai ishe ni ba, na sake shafawa. Yaya ya zo ya ja benci ya zauna, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Har kunun aya ya sayo mini. Yana ta cewa, "Ga can kusa da but, ƙara hannu." Da na gama, Baba ya tsiyaya ruwan buta, ƙwayoyin suka gangara kamar an watsa tsakiya a faranti. Yaya ya fito da waya ya ɗauki motar hoto ta gaba da ta baya da ta gefe, wai don tarihi. Ni da kaina na matsa gefe don kada inuwata ta ɓata masa hoton. Duk lokacin da na tuna matsawar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Juma'a da hantsi ya karɓi makulli, ya ce zai sha mata mai a kuma duba iskar tayoyi. Ni da Inna muka yi wa Baba wanka, muka sa masa farar babbar riga mai aiki wadda rabonsa da ita tun yana da lafiya. Inna ta fesa masa turare, na kafa masa hula, ya sa hannun hagu ya ɗan karkata ta yadda ya saba. Na turo shi bakin soro. Maƙwabta masu wucewa masallaci da dardumarsu a kafaɗa suka riƙa tsayawa suna yi masa barka, yana ɗaga musu hannu.

Layi ya yi shiru, muka fara jiyo huɗuba daga nesa. Na kira Yaya, wayarsa a kashe. Na sake kira. Duk tunanina haɗari ya yi, har addu'a nake yi masa. Aka tayar da salla, aka idar, mutanen da suka yi wa Baba barka suka dawo suka wuce ta gabansa suna sunkuyar da kai. Na ce ya bari in mayar da shi ciki, ya girgiza kai.

Sai wayata ta yi ƙara, Baban Sabon Gari ne. Ya ce, "Ɗan Alhaji, ba ka ce masallaci za a kai Alhaji ba? Ga motarsa nan a filin masu sayar da motoci da ke bayan layinmu. Ko cikin motoci dubu na san koren nan."

Ban san yadda na isa ba. Tana tsakiyar fili, a cikin tsakar rana, tana ɗaukar ido. Wasu mutane sun zagaye ta, ɗaya ya jingina da ƙofarta da tarin makullai a ƙugunsa. Wani dillali yana bubbuga bonet da hannu mai zobe yana ce wa wani mai saye, "Fentin kamfani ne, Alhaji, duba da kyau. Babu ciko, ba ta taɓa ganin fanabita ba." Da na ce motar babana ce, sai ya yi dariya ya miƙo mini hannu, ya ce ai tun makon jiya suka yi magana da yayana. Shi dillalin ne ya ce a goge ta sosai a turo masa hoto, jiya da ya gani ya amince.

Yaya yana can ƙarƙashin rumfarsu a zaune. Da ya hango ni bai ko tashi ba. Na ce, "Yaya, Baba yana bakin soro da babbar riga tun hantsi."

Ya ce, "Kai yaro ne har yanzu. Ka san abin da magani da gashin ƙashi suke ci duk wata? Mota tana zaune tana ruɓewa, ku kuna ta shafa mata mai."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa? Me ya kawo maganar masallaci?"

Ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "Da na gaya maka sayarwa za a yi, da haka za ka goge ta?"

Maganin yana da tsada, wannan gaskiya ne, ban taɓa musawa ba. Da ya tara mu ya ce babu yadda za a yi, da na yi masa rashin kunya, da Inna ta yi kuka, wataƙila daga baya mu haƙura. Amma ya zauna ya yi tunani, ya gano cewa hannuna ba zai yi wannan aikin don dillali ba sai don Baba, shi ne ya ɗauki Juma'ar tsohon nan ya sa a gabana. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ci amanata, kuma ya ci ta Baba don ya samu tawa. Na so in shaƙe shi a wurin. Baban Sabon Gari ne ya riƙe mini hannu ya ja ni har bakin titi ya tsayar mini da adaidaita, yana ta ba ni haƙuri.

Da na iso gida la'asar ta yi. Baba yana nan inda na bar shi, Inna tana tsaye a bayansa da kwanon abincin da bai taɓa ba. Ya cire hular da kansa ya ɗora a gwiwa. Na durƙusa a gabansa. Ya kalli rumfar da babu komai a cikinta sai bokiti da buta, ya kalli hannuna, farin kakin jiya yana nan a gefen faratana. Bai tambaye ni ina Yaya ba, bai tambayi wa ya saya ba. Ya yi mini alama in matso, na kai kunnena kusa da bakinsa.

"A inuwa suka ajiye ta?"

Na ce, "A inuwa, Baba."