Malam Maharazu, Mai Koyar da Lissafi a Ƙasa

Duk ranar Asabar, da hantsi, Malam Maharazu Ƙanƙara yakan ɗaure jakar alli da igiya a bayan babur ɗinsa ya kama hanya. Wannan makon Daudawa, wani makon Damari. Ba wanda ya aike shi. Aikinsa na makaranta yana ƙarewa ran Juma'a, amma shekara uku ke nan bai huta Asabar ba, ko da damina ta cinye hanya.

Tun da gwamnati ta buɗe firamare kyauta a 1976, aka kwaso irinmu marasa takardar malanta aka ba mu aji, da sharaɗin mu ci jarrabawar malanta. Waɗanda suka iya lissafi sun tafi Kaduna da Ikko aikin kamfani. Shi ma an kira shi har sau biyu, ya ƙi. Mu kuwa aljabra, wato lissafin haruffa, ta tsare mu.

Ba zan manta da Suwaibatu ba, malama ɗaya tilo mace a cikinmu a Daudawa. Sau biyu tana faɗuwa, kuma an gaya mata in ta sake, aji zai koma hannun wani. Iyaye da yawa saboda ita suka yarda 'ya'yansu mata su shiga makaranta. Saura mako biyar jarrabawa, Malam ya rubuta (x + 3)² a allo, ya ce ta warware lissafin. Ta rubuta x² + 9.

Malam ya fitar da mu fili, ya shata gona da igiya, taku goma kowane gefe, ya ce goman nan ita ce x. Ya ƙara taku uku ta gabas, uku ta kudu.

"Malama, nuna mini tsohuwar gonar."

Ta nuna.

"Ina tara ɗinki?"

Ta taka ɗan ƙaramin fili a kusurwa.

"To waɗannan dogayen biyu fa, na gabas da na kudu, wa kika bar ma su?"

Ta ƙirga takunsu. Can ta ce, "Uku sau goma, sau biyu. Sittin na zubar, Malam!" Ta koma allo da sauri ta rubuta x² + 6x + 9. Daga nan ya sa ta rage gonar da kanta, har ta gano dalilin da ya sa (x − 3)² ke ba da x² − 6x + 9. Wata huɗu muna zullumi kafin sakamako ya fito. Ta ci, kuma tana ajinta har yau.

Malam, kai ne ka cire mana kunyar cewa ba mu gane ba. Kai ne mai maimaita abu sau goma murya ba ta tashi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne idon Malam ya fara yana. Watan jiya ya faɗi da babur kusa da Faskari don bai ga rami ba. Ƙarshen shekarar nan zai ajiye aiki, kuma malamai goma sha bakwai na jiran jarrabawa a Damari, ba mai zuwa musu.

Mun gode, Malam. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka da alheri. Ni na ɗauki Damari daga Asabar mai zuwa. Ku da kuka ci jarrabawa a hannunsa, Daudawa na nan ba kowa.