Adireshin Aro

Har gobe ranar Lahadin nan tana nan daram a raina, ranar da aka ɗauki Bashir aiki aka bar ni rungume da fayil. Ku da kuka shigo aikin tafinta kwanan nan, ku saurara.

Lokacin na shekara bakwai a wani kamfanin fassara a Riyad. Idan aka kawo Bahaushe ofishin masu gabatar da ƙara, wato lauyoyin gwamnati da ke yi wa wanda ake zargi tambayoyi kafin kotu, kamfaninmu ake kira, ni kuma ake turawa. Bashir abokin hayata ne a unguwar Manfuha. Ni na kawo shi kamfanin, ni na koya masa Larabcin shari'a, don da ya zo Larabcin kasuwa kawai ya iya.

Sai ofishin ya ce zai ɗauki tafinta ɗaya na dindindin. Sharuɗɗan uku ne: iƙama mai rai, wato katin izinin zama, da yardar wanda ya ɗauko ka aiki, sannan adireshinka na rajista ya zama cikin yankin ofishin, don in an neme ka ka iso kafin shayi ya huce. Manfuha na cikin yankin. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni da Bashir duk muka nema.

Na manta da wata wauta da na tafka. Shekarun baya da za mu yi rajistar adireshi, kunya ta hana ni rubuta Manfuha, unguwar leburori. Na ari adireshin gidan wani likita ɗan garinmu a unguwar Al-Shifa, don takarda ta yi kyan gani. Al-Shifa kuwa ba ta cikin yankin ofishin. Bashir kuwa ya rubuta Manfuha har da lambar lungu, ni kuma na yi ta yi masa dariya.

Ranar Lahadin, shugaban sashen ma'aikatan ofishin ya duba kwamfuta, ya dube ni.

"Ya ustaz, aikinka ba mu da ja a kai. Amma a nan kai mutumin Al-Shifa ne."

Na rantse masa a Manfuha nake kwana nake tashi. Ya ce ya yarda, ana ma iya gyarawa, sai dai a ranar ake rufe jerin sunaye. Halas, magana ta ƙare.

A bakin ƙofa Bashir ya riƙe hannuna. "Yaya, wallahi in ka ce in janye, zan janye."

Da ma bai faɗa ba. Na ce Allah Ya sanya alheri, a baki kawai. Hassada ce tsagwaronta ta ci ni, ba zan sa mata wani suna ba. Wata biyu ban ci abinci kwano ɗaya da shi ba, kullum ciwon ciki nake ƙirƙira. Katin aikin da yake ratayawa a wuya ma haushi yake ba ni. Har bugun cikin masu gadin ofishin na riƙa yi ko ya yi kuskure a fassara. Suka ce ai ba su taɓa ganin kamarsa ba, wa ya koya masa?

A wannan aikin takarda ce ke magana, ba a tambayar inda ka shimfiɗa katifa. Na yi shekaru ina gargaɗin waɗanda ake tuhuma kada su sa hannu kan abin da ba gaskiya ba, ni kuwa na sa saboda son a sani.

Washegarin Lahadin nan na gyara adireshin, amma kujera ta riga ta samu mai ita. Yanzu in ofishin ya kira kamfaninmu, to Bashir ne ya tafi hutu Najeriya. Ina zuwa in zauna a kujerarsa, in riƙe masa ita har ya dawo.